Abin da asid ya goge mini a fuska, da abin da ya bari

Ƙurajen fuska sun fara mini tun ina sakandare, kuma ba irin waɗanda ke fitowa su bushe da kansu ba ne. Nawa manya ne, masu zama can ƙarƙashin fata su yi tauri, su yi ta zogi, har in na juya na kwanta a kan kumatuna cikin barci sai na farka. Kowa ya ce na ƙuruciya ne, za su wuce. Na ƙawayena sun wuce. Ni kuwa na gama makaranta da su, na kama aiki da su, kuma duk ƙurjin da ya tafi sai ya bar mini shaidarsa, ko baƙin tabo ko rami.

Wanda bai taɓa zama da irin wannan fuskar ba, da wuya ya gane yadda take shiga cikin komai na rayuwar mutum. Na san kujerar da zan zauna a ɗakin taro don kada hasken taga ya bugo ni ta gefe, domin hasken gefe shi ke tona ramuka. In mutum na yi mini magana ina bin idonsa, in ga ko ni yake kallo ko kumatuna. Mahaifiyata, Allah ya saka mata da alheri, kullum cewa take, "Ke dai lafiyarki ƙalau, ki gode wa Allah." Gaskiya ta faɗa, kuma ina godiya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Labarin ɓare saman fata da asid a intanet na fara ganin sa, hoton fuska kafin a yi da hotonta bayan an yi, sumul kamar ba a taɓa yin ƙurji a kanta ba. Da wannan hoton a raina na shiga wurin likitar fata. Ko gama zama ban yi ba na ce, "Likita, wannan na asid ɗin nake so a yi mini, a goge tabon nan gaba ɗaya."

Ta daɗe tana duba fuskata kafin ta ce, "Malama, ba yau ba. Har yanzu sababbi na fitowa. In na gyara tabo goma, wata mai zuwa ƙurajen nan za su haifa miki wasu goma. Bari mu tsayar da su tukuna."

Raina bai so ba, amma na bi. Ta ɗora ni a kan adafalin da nake shafawa da dare, da benzoyil feroksayid, da ƙwayar doksisaikilin ta 'yan watanni. Wannan zangon ba shi da wani labari mai daɗi. Fata ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, a makonnin farko ma sai da ƙurajen suka ƙaru kafin suka fara ja da baya. Amma sun ja. Karon farko tun ina yarinya, na wayi gari ba wani wuri da ke yi mini zogi a fuska.

Sai a lokacin ta zaunar da ni ta yi mini abin da har gobe nake ganin shi ne mafi amfani cikin duk abin da aka yi mini. Ta kashe fitilar sama, ta haska wata ƙarama ta gefe, ta ba ni madubi, ta ce mu bi tabon ɗaya bayan ɗaya. Ni duk a wurina tabo tabo ne. Ashe ba haka ba.

Kaso mafi yawa na abin da ke damuna, in ji ta, ba ma tabo ba ne na gaske. Baƙin shati ne da kumburi ke bari. In ƙurji ya kumbura, ƙwayoyin da ke yin melanin, wato sinadarin da ke ba fata launi, sai su zuba shi fiye da kima a wurin. In ka shafa yatsa a kai ba za ka ji komai ba, fatar a shimfiɗe take, launi ne kawai ya sauya. Wannan yana dusashewa da kansa, sai dai ga mai duhun fata yakan ɗauki watanni masu yawa, wani lokaci shekaru.

Sauran kuwa ramuka ne, inda kumburin ya cinye kolajin, zaren furotin da ke riƙe da fata daga ciki, jiki kuma bai iya mayar da shi duka ba. Su ma iri uku ne, kuma ina da dukansu. Akwai ƙanana masu tsukakken baki da zurfi, sun fi yawa a saman kumatuna. Akwai masu faɗi da kaifin gefe, ƙasansu a baje. Akwai kuma masu tudu da gangare, waɗanda ba su da baki takamaimai, sai dai ka ga fatar ta lotsa. Ta sa yatsu biyu ta ja fatar kumatuna, wasu suka baje suka ɓace, wasu ko gezau. Ta ce masu lotsawar nan akwai wasu zaruruwa masu tauri da suka ɗaure su da naman da ke ƙasa, kamar yadda maɓallin kujera ke jan yadi ciki, kuma duk asid ɗin da za a shafa a sama ba zai kai ga zaren ba, balle ya tsinke shi.

"To me asid ɗin zai yi mini ke nan?" na tambaye ta.

"Baƙin shatin zai taimaka masa sosai. Ramukan da ba su da zurfi zai tausasa gefensu. Masu zurfin akwai wata dabara dabam. Masu lotsawa kuwa ba aikinsa ba ne. Gara in faɗa miki yanzu da ki gano da kanki bayan kin sha wahala."

Na ji zafin maganar a ranar. Yau kuwa ba abin da nake gode mata a kai kamar ita, domin da ta yi mini alkawarin fuskar da na gani a hoto, da duk ci gaban da na samu zan ɗauke shi a matsayin asara.

Ta bayyana mini cewa aikin nan rauni ne ake yi wa fata da gangan, amma da awo. Ana shafa asid ya kashe wani kauri na fata, jiki ya zubar da shi ya gina sabo. Zurfin raunin shi ne komai. Akwai na sama-sama, wanda bai wuce ɓawon fata na waje ba, ana yin sa da asid ɗin gilaikolik mai ƙarfin kashi 20 zuwa 70 cikin ɗari, ko salisilik mai kashi 20 zuwa 30, ko laktik, ko mandelik. Akwai matsakaici, da ke kaiwa saman ɓangaren da kolajin yake, yawanci da asid ɗin da ake kira TCA mai kimanin kashi 35. Sai mai zurfi, na fenol, wanda ke iya shiga jini ya dagula bugun zuciya, shi ya sa ake sa wa mutum na'urar lura da zuciya yayin da ake yin sa, kuma yana iya kashe launin fata har abada. Wannan na ƙarshe ta ce ko a mafarki ba za ta kusanto da shi fuskata ba.

Dalilinta launin fatata ne. Likitocin fata suna da ma'aunin da wani likitan Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya fara fitowa da shi a 1975, wanda yanzu ya kasa fata gida shida gwargwadon yadda take amsa rana, daga farar da ke ƙonewa nan take zuwa baƙa wuluk. Ni ina gida na biyar. Daga gida na huɗu zuwa sama, ƙwayoyin launi ba sa son a taɓa su. Ƙurji ya taɓa su, su yi baƙi. Ƙuna ta taɓa su, su yi baƙi. Asid ma in ya wuce kima, abin da za su yi ke nan. Ma'ana maganin baƙin tabo shi da kansa yana iya haifar da baƙin tabo mafi girma. Nan na fahimci cewa hotunan da suka ja ni, kusan dukansu na fararen fata ne, kuma abin da fatarsu ke jurewa tawa ba za ta jure ba.

Ta zaɓar mini salisilik. Shi yana narkewa a cikin maiƙo, don haka yana bin ƙofofin gashi ya shiga inda ƙurajen ke farawa, yana kuma rage kumburi, ga shi ba ya nutsewa can ciki. Ta ambata mini aikin wata likitar fata a Amurka, Pearl Grimes, da aka buga a 1999, inda ta gwada shi a kan mutum 25 masu duhun fata, da ƙarfin kashi 20 da 30, mako biyu-biyu tsakani, akasarinsu suka samu sauƙi ba tare da wata babbar illa ba. Jin cewa an gwada shi a kan fata irin tawa ya kwantar mini da hankali fiye da duk wani lallashi.

Kafin a fara sai da ta yi mini tambayoyi masu yawa. Ko ina da juna biyu ko ina shirin ɗauka. Ko in na ji rauni yakan yi tsiro ya kumbura ya zarce wurin raunin, domin mai irin wannan jikin asid na iya jawo masa babbar matsala. Ko ina yawan yin ƙurajen zazzaɓi a leɓe, saboda raunin asid na iya tayar da ƙwayar cutar ta bazu a fuska, sai an ba mutum asaikulobiya, maganin wannan ƙwayar cutar, tun kafin a fara. Ko jikina ba ya karɓar asfirin, tunda dangin salisilik ne. Ko na sha aisotiretinoyin, wata ƙwayar maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi, cikin wata shida da suka wuce. Ko ina shafa man da ke ɗauke da sitiroyid, irin su kulobetasol, wanda ke sirantar da fata har asid ya nutse fiye da yadda aka nufa. Duk wanda zai ɗora muku asid a fuska bai yi muku waɗannan tambayoyin ba, don Allah ku tashi ku ba shi wuri.

Daga nan aka shiga shiri na makonni. Haidirokwinon mai kashi 4 da dare don ya kwantar da ƙwayoyin launi, da gargaɗin cewa na ɗan lokaci ne, domin in aka daɗe ana shafa shi yana iya barin wani duhu mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar magani. Da safe kuma man kariya daga rana mai lambar ƙarfi 30 ko sama. A nan na yi mata gardama, na ce ni da nake baƙa me rana za ta yi mini? Ta ce ƙonewa ce ba na yi, amma duhu ina yi, kuma ba hasken da ido ba ya gani kaɗai ke ƙara wa irin fatata duhu ba, har da hasken da muke gani. Shi ya sa ta ce in nemi mai ɗan launi, wanda aka sa wa sinadarin ayon oksayid, don shi ke tare wannan hasken. 'Yan kwanaki kafin ranar ta ce in dakatar da adafalin.

Aikin kansa bai da tsawo. Ta goge fuskata da wani ruwa mai kaifin wari da ke cire maiƙo, ta shafa basilin a kusurwar idanu da gefen hanci da leɓe, sannan ta fara shafawa daga goshi. Da farko sanyi na ji, sai ya juye ya zama raɗaɗi, yaji-yaji, yana ta hawa. Ma'aikaciyar jinya ta riƙe mini ƙaramar fanka a fuska tana cewa, "Sannu, Anti, yanzu zai sauka." Likita kuma idonta na kan fatar, ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya, tana tambayata daga ɗaya zuwa goma nawa nake ji. Cikin 'yan mintuna raɗaɗin ya sauka da kansa. Wani farin gari ya kwanta a fuskar, ta ce ba ƙuna ba ce, asid ɗin ne ya bushe bayan ruwan da aka narka shi a ciki ya tashi. Aka wanke, aka shafa mai, na tafi.

Washegari fatar ta ɗaure, tana ƙyalli. Bayan nan ta fara saɓa, daga gefen baki da haɓa, siriri-siriri. Dokar ita ce kada hannu ya taɓa: ba ɓarewa, ba gogewa, ba sabulu mai ƙarfi, sai wanki a hankali da mai da kariyar rana. Wallahi wannan ya fi raɗaɗin wuya, ka ga fata na lilo a haɓarka ka ƙyale ta. Amma in aka fizge ta kafin ta ƙasan ta nuna, wurin baƙi zai yi. Cikin mako guda komai ya lafa.

Bayan zuwan farko ban ga wani sauyi ba, kuma an riga an gaya mini haka za a yi. Irin wannan na sama-sama a jere ake yin sa, yawanci sau huɗu zuwa shida, da mako biyu zuwa huɗu tsakani. Ta fara da kashi 20, da ta ga fatar ta karɓa ta hau zuwa 30. Wajen tsakiyar jerin ne na lura hodar da nake sawa ta fara yi mini yawa. Baƙaƙen shatin da ke kan muƙamuƙina, waɗanda na ɗauka tare za mu tsufa, suka koma ruwan ƙasa, wasu suka ɓace ɗungurungum. Yayata ce ta fara faɗa. Ta riƙe haɓata ta juya fuskata hagu da dama, ta ce, "Ikon Allah! Ashe haka launinki yake?" Na yi kuka a ranar.

Ramuka masu zurfi kuwa suna nan yadda suke, sai ma suka ƙara fitowa fili da duhun da ke kewaye da su ya tafi. Sai aka koma dabarar da ta ambata tun farko, wadda ake kira CROSS, da wasu likitocin Koriya ta Kudu suka bayyana a 2002. TCA ne mai ƙarfi sosai, kashi 65 zuwa 100, amma ba shafa shi ake yi ba. Tsinken katako mai tsini ake tsomawa, a ɗiga shi cikin ƙasan ramin kaɗai, ba tare da ya taɓa lafiyayyar fatar da ke gefe ba. Nan take wurin ke yin fari fat, alamar furotin ɗin fata ya daskare. Raunin da aka yi a ƙasan ramin shi ke sa jiki ya gina sabon kolajin ya ciko shi daga ƙasa. Saboda launina, sai da ta fara gwadawa a 'yan ramuka kusa da kunne, muka jira muka ga yadda za su warke.

Wannan zangon shi ya fi gwada ni. Kowane rami ya yi ɗan ɓawo baƙi, ɓawon ya faɗi cikin kimanin mako guda, sai wuraren suka yi duhu, duhun da ya fi wanda na zo da shi. Ta riga ta faɗa mini cewa hakan na faruwa sosai ga masu irin fatata kuma yana wucewa, amma ji dabam, gani a madubi dabam. Na kira ta murya na rawa na ce, "Likita, fuskar ta lalace." Ta ce in zo. Ta duba ta ce ba ƙwayar cuta, ba sabon tabo, launi ne kawai, ta mayar da ni kan maganin kwantar da launi tare da asid ɗin azelayik, ta ce kada in yi wasa da kariyar rana ko da a cikin mota ne ko kusa da taga. Ta kuma ƙi yin zagaye na gaba sai da duhun ya washe. Watanni ya ɗauka. Da ya washe, ramukan sun cike sosai. Ba su shafe ba, amma waɗanda a dā ke riƙe hoda a cikinsu yanzu sai na matso da madubi nake ganin su.

A tsakiyar wannan ne abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru, kuma ba a fuskata ba. Wata ƙanwata, 'yar ƙanin mahaifina, ta ga yadda nake samun sauƙi, ta tambaye ni sunan abin da ake sa mini, na faɗa mata cikin hira. Ashe ta je ta saya a intanet, TCA mai ƙarfi a 'yar kwalba, ta shafa a kumatu biyu da auduga. Da dare ta kira ni tana kuka: "Yaya, fuskata ta yi fari, kuma zafin ya ƙi tsayawa." Na ce ta sa fuskar a ƙarƙashin ruwa mai gudu kada ta daina, na je na kai ta asibiti. Ƙuna ce sosai. Ta warke, amma ta bar mata faffaɗan duhu da wani farin tabo a tsakiya inda ƙwayoyin launin suka mutu, kuma farin ya fi baƙin wuyar gyara nesa ba kusa ba. Yarinyar da 'yan tabo kaɗan ne damuwarta.

Har yanzu in na tuna raina yakan ɓaci da masu sayar da wannan abu ga duk wanda ya miƙa kuɗi. A watan Yulin 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa kada mutane su sayi irin waɗannan asid masu ƙarfi su yi amfani da su ba tare da kulawar ƙwararre ba, saboda ƙuna da tabo da sauyin launi da suke jawowa. Ruwan da ke cikin kwalbar ƙanwata da wanda ke hannun likitata iri ɗaya ne. Abin da ba a sayar mata ba shi ne makonnin shiri, da gwaji a gefen kunne, da tsinken da ba ya kauce wa rami, da idon da ya san lokacin da za a tsaya. Yanzu tare muke zuwa wurin likitar, ana bin nata a hankali.

Ni dai ga inda nake. Baƙin shatin kusan duk ya tafi, alhamdulillahi, kuma in sabon ƙurji ya fito ya bar nasa, ba ya daɗewa. Adafalin na nan da dare don kada ƙurajen su dawo, man kariyar rana kuma kowace safiya, in zan daɗe a waje in sake shafawa bayan awa biyu. Masu faɗin bakin nan gefensu ya yi laushi. Masu lotsawa kuwa suna nan daram kamar yadda aka faɗa mini tun ranar farko, sun fi yawa a kumatun hagu. Maganinsu wani aiki ne da ake sa allura ta ƙarƙashin fata a tsinke zaruruwan da suka ɗaure ta, fatar ta taso. Likita ta ce yana barin kumburi da taruwar jini na kwanaki, kuma shi ma ba lallai a gama a zama ɗaya ba. Mun yi magana zan ɗauki hutu a wurin aiki, mu fara da ɓangaren hagun, in mun ga yadda ya warke sai a yi na dama.